Tafasa Ta Biyu

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar Yelwa ta ɗora tukunyar, kuma tun ruwan bai yi ɗumi ba take ta leƙa cikinta. Ku dubi abin mamaki: mace mai shekara talatin da shida, nas guda a asibiti, wadda take samo jijiya a hannun tsoho ba tare da ta soka allura sau biyu ba, wai yau ita ce tsaye gaban tukunya tana haɗa gumi, a kicin ɗinta na unguwar Moss Side a Manchester, da sanyinsa ke shiga har ƙashi. Giya za ta dafa. Burukutu, ba wata ba. Ita da tun da uwarta ta haife ta ko a harshe ba ta taɓa ɗigawa ba.

Ba marmari ne ya kai ta ba. Mahaifinta, Da Nyam, yana kwance a gidan ƙaninta Prosper a Sparkhill, can Birmingham. Likitoci sun sallamo shi, ba don ya warke ba, sai don babu sauran abin da za su iya yi masa. Shekara uku ke nan bai yi mata magana ba. In ta kira, ya ƙi ɗauka. In ta je, ya juya fuska bango har ta gaji ta kama hanya. Kuma a faɗi gaskiya, ita ta jawo wa kanta. Ranar addu'ar mahaifiyarta, Ngo Kaneng, a zauren coci cike da 'yan Filato mazauna Ingila, tsohon ya miƙe yana ba da labarin matarsa, yadda ta yi shekara talatin tana dafa burukutu a Bukuru, da sana'ar ta ciyar da gida, da ita ta kai yara makaranta. Bai kai ƙarshen maganar ba Yelwa ta taso, ta zare makirufo daga hannunsa a gaban kowa, tana wani yaƙe, ta ce Baba ya gaji, Mama 'yar kasuwa ce, hatsi take sayarwa. Kunya ce ta sa ta, tsohuwar kunyar nan ta tun firamare, lokacin da yara ke bin ta a baya suna kiran ta 'yar mai burukutu. Tsohon ya sauke hannunsa. Ya koma ya zauna, kuma daga ranar ya kulle bakinsa da ita.

Mako biyu da suka wuce, da Prosper ya gaya mata abin da likitoci suka ce, ta roƙe shi ya tambayar mata ko za ta iya zuwa. Washegari ya kira ta da amsa, yana ta kame-kame kamar shi ya yi laifin.

"Yaya, ya ce in za ki zo, ki zo masa da abin da Mama take sayarwa. Ya ce kin san ko mene ne. Kuma wai ba na saye ba, na hannunki."

To, ka ji sharaɗin. Ta sayo dawa a shagon 'yan Afirka, ta jiƙa, ta shimfiɗa a kan tsohon tawul, ta jira kwana huɗu. Ko ƙwaya ɗaya ba ta tsiro ba, sai ɗan banzan wari. Ta zubar. Ta bi shaguna ɗaya bayan ɗaya har ta samo wata ja, kilo uku kacal suka rage a shagon, ita ce Allah ya sa ta yi tsiro. Ranar shanya kuwa ai ba a maganarta a Manchester, a kan hita ta busar da tsiron, ta niƙa a blenda kaɗan-kaɗan har injin ya fara ƙauri. Jiya Juma'a ta yi tafasar farko, ta bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, da asuba ta tace. Duk wannan da saƙon murya take yi, na ƙanwar mahaifiyarta, Ngo Chundung, wadda har yanzu take dafawa a ƙauye. Saura tafasa ta biyu. In wannan ta lalace, babu wata dawar, babu kuma wasu kwana goma da tsohon zai jira tsiro.

Ta sake danna saƙon, karo na wajen goma. Muryar tsohuwar ta fito, zakara na cara a bayanta.

"Yelwa, ki ji da kyau. Tafasa ta biyun nan ita ce giyar, sauran duk share fage ne. Ki ba ta wuta sosai, kada ki tausaya mata. Ki tsaya a kanta, ki riƙa kwashe kumfa, ki riƙa juyawa har gindin tukunya, don in ta kama, ta tashi daga aiki. Dami ɗaya na itace za ki sa. In ya cinye, ki sauke."

Dami ɗaya na itace! A gidan haya na council, a kan murhun lantarki na gilashi mai 'yan lambobi ɗaya zuwa tara. Tun jiya Yelwa ta tura tambaya: Ngo, dami ɗaya awa nawa ne? Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce, "Awa kuma? Ni ban taɓa dafa giya da agogo ba, 'yar nan. Dami ɗaya dai, wanda mace za ta iya ɗauka a ka." Daga nan wayar ta mutu, ko caji ne ko network, oho. Yelwa ta kira ya fi sau ashirin, a kashe.

Ita kanta tukunyar ba tata ba ce, kuma wannan ma yana cin ta a rai. Ta maƙwabciyarta ce, Habibatu, da ake kira Maman Inaya, 'yar Zariya da ta zo karatun digiri na uku, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shekara biyu suna zaman mutunci, wannan ta miƙa wa waccan tuwo, waccan ta karɓar wa wannan saƙo a ƙofa. Da wannan ƙatuwar tukunyar Habibatu ke dama kunun buɗa-baki na masallacinsu duk azumi. Da Yelwa ta je aro, aka tambaye ta me za ta dafa, sai bakinta ya ce kunu. Haka kawai, kunu, ko ido ba ta ƙifta ba.

Awa guda cur ruwan ya ɗauka kafin ya motsa. Idon murhun bai kai rabin gindin tukunyar ba, don haka tsakiya kaɗai ke tafasa, gefe yana kwance abinsa. Yelwa ta ƙure lambar a tara, ta kama muciya da hannu biyu. In ta juya, sai ta ji ƙasan yana ɗan riƙe muciyar, ta ƙara kankarewa. In ta rage wuta, tafasar ta mutu, ta tuna an ce kada ta tausaya mata. Kumfa kuwa ta fara taruwa, ruwan ƙasa-ƙasa, tana kwashewa da ludayi tana zubawa a kwano, kafin ta juyo wata ta taru. Tururi ya rufe tagar, ya fara ɗiga daga silin. Sai kuma warin. Wari ne mai tsami da zaƙi a haɗe, wanda ta yi shekara ashirin tana wanke shi daga kayanta da tunaninta, ga shi yau ya cika mata gida har saman bene. Ta ji kamar ta yi amai, ta kuma ji kamar ta yi kuka, amma babu hannun share hawaye.

Tara saura kwata wayar ta yi ƙara a kan firij. Prosper. Da wani ne da ta bar shi ya yi ta kira. Ta jingine muciyar, ta ɗauka.

"Yaya, nurse ɗin ta zo yanzu. Ta ce numfashinsa ya canja tun jiya." Ya rage murya. "Ta ce in akwai wanda zai zo, ya zo yau."

Yelwa nas ce, ba sai an fassara mata wannan maganar ba. Ita kanta ta sha faɗa wa iyalai ita, da wannan lallausar muryar. Ta dafa bango.

"Prosper, giyar nan sai ta kwana biyu bayan na sauke. Ka gaya masa zan zo haka. Please, ka gaya masa."

"Na gaya masa. Yanzun nan."

"Me ya ce?"

"Ya buɗe ido ya ce, ta dafa? Shi ke nan abin da ya ce."

Sai a bayanta ta ji wani cuuu. Ta waiwaya. Kumfar ta taso ta wuce bakin tukunya, tana gangarowa ta ko'ina, tana malala a kan gilashin. Murhun ya yi 'yar ƙara sau uku ya kashe kansa, haka yake yi in ruwa ya taɓa lambobinsa. Abin da ya zuba a kan zafin ya ƙone nan take ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi, sai ga ƙararrawar gobara ta silin ta ɓarke da ihu. Yelwa ta yar da wayar, ta kai hannu za ta ja tukunyar, zafi ya sa ta saki. Ta tsaya tsakiyar kicin tana juyi, ta rasa wanne za ta fara kamawa. Ana cikin haka aka fara dukan ƙofar gida.

Habibatu ce, da hijabinta a karkace da silifas na cikin gida. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta wuce kicin, ta banka taga da ƙofar baya, ta fizgi tawul tana kaɗa wa ƙararrawar har ta yi shiru. Ta naɗe hannu da tsumma, ta ce Yelwa ta kama ɗaya kunnen, suka sauke tukunyar ƙasa. Sai da komai ya lafa sannan ta tsaya, ta shaƙi iskar kicin ɗin sau ɗaya, sau biyu. Ta dubi tukunyarta, ta dubi bokitin dusar da aka tace, ta dubi Yelwa.

"Yelwa, wannan ba kunu ba ne."

"Maman Inaya..."

"A bayan barikin soja na tashi. Duk ranar kasuwa da wannan warin muke wucewa makaranta. Ba kunu ba ne."

Ƙarya ta ƙare. Yelwa ta zauna daɓas a kan kujerar kicin, ta faɗa mata komai, tun daga makirufo har zuwa kiran da Prosper ya yi yanzu. Ba ta gyara wa kanta ko kalma ɗaya ba. Tana maganar tana kallon tayil, don ta san abin da ya kamata ya biyo baya: matar nan ta juye ruwan a sinki, ta ɗauki tukunyarta, zaman mutuncin shekara biyu ya ƙare a nan. Kuma in ta yi hakan, wa zai ga laifinta?

Habibatu ta leƙa cikin tukunyar. Fuskar nan a ɗaure tamau.

"Kin zuba masa yis?"

"A'a. Sai ya huce."

"To har yanzu ruwan dawa ne." Ta ja numfashi. "Ƙaryar ce ta yi mini ciwo, Yelwa, kuma za mu yi maganarta, ba yau ba. Ki ji iyakata. Zan taya ki har a sauke. Daga kin zuba yis, babu hannuna, babu tukunyata. Tashi ki kankare kan murhun nan, lokaci na tafiya."

Wallahi da Yelwa ta samu dama da ta durƙusa mata. Ba ta samu ba, don tuni an miƙo mata soso.

Ashe akwai dabara, kuma mai dama kunun mutum ɗari ta san ta. Habibatu ta sa suka ɗora tukunyar a tsakanin ido biyu, aka kunna duka, tafasar ta bazu har gefe. Ta nuna mata yadda ake kwantar da kumfa in ta taso: ba rage wuta ake yi ba, ɗiba ake yi da ludayi a ɗaga sama a tsiyayo, a sake, a sake, har ta koma. Ta ce juyin ma ba na tuwo ba ne, a hankali ake jan muciya a ƙasa, daga wannan gefe zuwa wancan. Da aka zo maganar damin itace, ta ɗan yi tunani tana taɓa haɓa.

"A gidanmu dami ɗaya yana kai mu tun hantsi har bayan azahar, in wutar babbar tukunya ce. Ki ce awa biyar. Amma ba agogon ne abin dubawa ba, ruwan da ya ƙone ne." Ta tsoma muciyar tsaye, ta ciro, ta sa wuƙa ta yi 'yar alama a inda ruwan ya tsaya, ta sake yin wata a ƙasa da ita da kamar faɗin yatsu huɗu. "In ya sauko nan, ina jin ya yi. Ina jin fa na ce. Ni ban taɓa dafa wannan abin naku ba, kuma ba zan taɓa ba."

Awa biyar. Yelwa ta yi lissafin a zuci tana juyawa: sai ƙarfe biyu a sauke, a jira ya huce, a kama hanyar Birmingham, sannan kwana biyu kafin ya tashi ya zama giya. Ko ta wace hanya ta bi lissafin, ba ya kaiwa. Amma ta ci gaba da juyi, don ba ta san abin da za ta yi ba in ta daina. Kafaɗunta suka fara zogi, bayanta ya riƙe, tururin ya dafa mata fuska har idanunta na raɗaɗi. Sau biyu Habibatu ta ce ta kawo ta karɓe ta, sau biyu ta girgiza kai. An ce na hannunta. Ruwan ya fara sauya kala, daga fari-fari ya koma ja mai duhu, tafasar ta yi nauyi, tana fitar da ƙwayaye manya masu fashewa a hankali. Duk minti goma sai ta tsoma muciyar tsaye ta duba. Kai, ruwan nan kamar da gayya yake yi, da ƙyar yake sauka.

Sha ɗaya da rabi saƙo ya shigo. Habibatu ce ta karanta mata, don hannunta ba sarari. "Yaya where are you. Ya daina karɓar ruwa."

Yelwa ta tsoma muciyar ta ciro. Yatsu biyu ya sauka, saura biyu. Ta tsaya tana kallon alamar nan ta ƙasa. In ta sauke yanzu, ta kai wa mahaifinta abin da bai dahu ba, bai kuma zama giya ba, ta san halinsa, yana iya juya mata baya a karo na ƙarshe. In ta tsaya ta cika, tana iya isa ta tarar an rufe masa fuska. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin tiyata. Ta miƙa hannu ta kashe murhun.

"Bai kai ba fa," in ji Habibatu.

"Na sani."

Suka kinkimi tukunyar su biyu zuwa banɗaki, suka zaunar da ita a cikin baho, suka sakar mata ruwan sanyi ta gefe. Duk abin da ke cikin firiza sai da ya shiga bahon nan, har da ledar kifi da ta wake. Da ya huce yadda yatsa zai iya zama a ciki, Yelwa ta juye shi a farin bokiti mai murfi, ta jefa ƙullin yis a jakarta, ta fara laluben tikitin coach, babbar bas ɗin zuwa Birmingham, a waya. Ba ta da mota, bas take hawa zuwa aiki. Na ƙarfe ɗaya ya cika. Na biyu da rabi, ko za su bar ta ta shiga da bokiti?

Habibatu ta gama wanke tukunyarta da kanta, sau uku tana ɗaurayewa, ta kife ta. Ta goge hannu.

"Bar wayar nan. Abban Inaya yana gida, zai riƙe yarinyar, ni zan kai ki. Ɗauko coat ɗinki." Ta nuna jakar da yatsa. "Wancan abin kuma ya zauna a inda yake har ki sauka daga motata."

Tafiyar ba a yi hira ba. Bokitin na tsakanin ƙafafun Yelwa, ɗuminsa na ratsa mata wando, duk birkin da aka taka sai ta ji ruwan ya bugi murfi ta danne da hannu biyu. A babbar hanyar M6 aka rufe layi ɗaya ana gyara, suka yi ta jan ciki kusan minti arba'in. Wayar na kan cinyarta a kife. Ba ta kira Prosper ba, don tana tsoron abin da zai ce, kuma duk sanda wayar ta yi motsi sai ta ƙara danne ta. Habibatu na tuƙi tana motsa baki a hankali, addu'a take yi, ba ta ce ga wanda take yi wa ba.

Uku ta wuce suka shigo Stratford Road, suka tarar da ita yadda take duk Asabar: bas a gaba, bas a baya, masu sayayya sun ajiye motoci yadda suka ga dama. Minti goma ba su wuce shago biyar ba. Gidan Prosper kuwa saura tafiyar minti bakwai a ƙafa.

"Sauka ki tafi," in ji Habibatu. "Zan nemi masallaci in yi salla. Ki kira ni, ko me ake ciki."

Yelwa ta fito da bokitin. Taku ashirin ta yi, marikin ƙarfen ya fara yanka mata yatsun da dama sun sha muciya, ruwan kuma na tangaɗi yana neman ɓalle murfin. Ta ajiye. Ta cire gyalen wuyanta ta naɗe shi gammo, ta durƙusa, ta ɗora bokitin a ka, ta miƙe. Haka ta ratsa Sparkhill, gaban shagunan kayan amare da gidajen abinci, mutane na ja da baya suna kallo, wasu 'yan mata har da ɗaga waya. Ko a jikinta. Ta dai dafe shi da hannu ɗaya tana sauri.

Prosper ya buɗe ƙofa tun ba ta ƙwanƙwasa ba. Idanunsa sun yi ja. Abu ɗaya ta tambaye shi da ido, ya gyaɗa kai, yana nan. Ya taya ta sauke bokitin.

Falon ƙasa aka mayar ɗakin jinya, da gadon asibiti a inda kujeru suke a da. Da Nyam, mutumin da a da yake cika ƙofa in ya tsaya, ya koma ɗan tsurut a cikin bargo. Fuskarsa na bango. Numfashin na fita da ƙyar, ya tsaya, ya dawo. Yelwa ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Baba, ga Yaya ta zo," in ji Prosper.

Bai motsa ba. Har ta fara zaton bai ji ba. Can sai muryar ta fito, a shaƙe, ba tare da ya juyo ba.

"Ta dafa?"

"Na dafa, Baba." Ta dubi bokitin. Tana iya tsayawa a nan, amma ta gaji da gyara zance. "Sai dai ba ta zama giya ba. Ban zuba yis ba, lokaci bai kai ba. Kuma ban cika tafasar ba, na sauke na taho."

Bargon ya ɗan motsa. Sannan a hankali kan ya juyo. Shekara uku rabon da idanun nan su sauka a kanta.

"Kawo."

Ba zai iya sha da kofi ba, ta sani. Ta karɓi ƙaramin cokali a hannun Prosper, ta ɗaga kan gadon, ta tallafi ƙeyarsa, ta ɗiga masa rabin cokali a kan harshe. Ya rufe ido. Ya daɗe yana juya shi a baki kafin maƙogwaron ya motsa. Ɗakin ya yi tsit, har tana jin bas na wucewa a titi.

"Ba ta dahu ba," ya ce. Ya huta. "Ta kuma so ta kama." Ya sake hutawa. "Wannan, ko kyauta uwarki ba za ta bayar ba."

"E, Baba."

Shi ke nan, ta faɗi jarrabawar. Ta mayar da kansa kan matashi a hankali, ta ajiye cokalin. Hawaye sun rufe mata ido har ba ta ganin inda ta yar da jakarta. Tana lalube ta ji ya sake magana.

"Awa nawa kika tsaya a kanta?"

"Huɗu da rabi."

"Yaya bayanki?"

Tambayar ta zo mata a ba-zata. "Kamar zai ɓalle, Baba."

Ya gyaɗa kai kaɗan, ido a rufe. Kalmomin suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, yana tsayawa neman numfashi a tsakani.

"Sau biyu a mako. Shekara talatin. Da cikinki ma ta tsaya, har ranar da ta haife ki."

Yelwa ta bar laluben jakar. Ta zube a gefen gadon, ta kifa goshi a kan ƙarfen, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka binne uwarta. Tana cewa ya yafe mata, tana cewa Mama ta yafe mata, maganar ma ba ta fita daidai. Prosper ya juya baya yana kallon labule.

Tsohon bai ce ya yafe ba, ba irin maganarsa ba ce. Ya bari sai da kukan ya ragu, sannan ya ɗan ɗaga yatsa.

"Prosper. Ba yayarka kujera. Ta sha tsayuwa."

Prosper ya jawo kujera har jikin gadon.

"A zuba yis ɗin. A ajiye ta nan, kusa da hita." Ya ja numfashi mai tsawo. "Kwana biyu take so. Ki zauna ki jira ta."

Su ukun duk sun san kwana biyun nan ba lallai ya gan su ba, babu kuma wanda ya faɗa. Yelwa ta buɗe bokitin, ta barbaɗa yis ɗin, ta mayar da murfin sako-sako, ta tura shi jikin hita. Sannan ta zauna a kujerar, ta kama hannun mahaifinta. Hannun ya yi sanyi, ba nauyi ko kaɗan, kuma bai janye ba.